Arik da Aero: ba fentin jirgi fasinja yake kewa ba

Duk lokacin da maganar haɗe kamfanin jiragen sama na Arik da na Aero Contractors ta sake tasowa, mutane kan rabu gida biyu. Masu nazarin harkar jiragen sama sukan zaro alƙaluma, bashin wane ya kai kaza, jiragen wane sun koma kaza. Su kuwa fasinjoji sai su ɓarke da labarin da. Wani ya tuna ranar da ya fara shiga jirgi sabo dal a Nijeriya, wani ya tuna tikitin Aero da ya saya a kan kuɗin da bai fi na babbar motar dare da wani abin kirki ba, wata ta ce ba ta manta lokacin da take karya kumallo a Yola ta yi sallar Azahar a Legas ba. Masu alƙaluma suna ɗaukar wannan hirar bakin titi ce kawai, wadda ba ta tsinana komai. Ni ban yarda da su ba. A ganina, abin da fasinja yake tunawa shi ne mudun da ya kamata a auna duk wani shirin haɗewa da shi, kuma in aka auna shirin da ake ta yi mana tallarsa da wannan mudu, bai cika ba.

A watan Agustan 2024 ne shugaban hukumar AMCON, Gbenga Alade, ya shaida wa 'yan jarida a Legas cewa hukumarsa tana da ra'ayin a haɗe kamfanonin biyu a mayar da su kamfanin jiragen sama na ƙasa. Ya ce an taɓa kai wa tsohon ministan sufurin jiragen sama wannan shawara bai karɓa ba, kuma bashin da ke kan kamfanonin ya yi nauyin da da wuya su iya biya. An kafa AMCON a 2010 don ta sayi basussukan da suka gagari bankuna karɓowa. Ta karɓi ragamar Aero a 2016, ta karɓi ta Arik ranar 9 ga Fabrairun 2017, lokacin da aka ce bashin da ake bin Arik ya haura naira biliyan 300. Wato mai bin bashi ce, ba mai sana'ar jirgi ba, kuma ba laifi ta yi ba don ta nemi hanyar da kuɗinta zai fito. Laifin namu ne in muka ɗauka cewa hanyar da ta fi wa mai bin bashi sauƙi ita ce ta fi wa matafiyi amfani.

Matasan yanzu ba za su gane dalilin da ya sa sunan Arik yake da matsayi a zukatan mutane ba, sai an mayar da su shekarun da kamfanin ya zo a cikinsu. Ranar 4 ga Mayun 2002, jirgin kamfanin EAS ya tashi daga Kano, bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen jama'a a Gwammaja, mutum sama da 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ranar 22 ga Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi a jihar Ogun da mutum 117. Ba a yi wata biyu ba, ranar 10 ga Disamba, jirgin Sosoliso ya kama da wuta a Fatakwal, kuma da yawa daga cikin mamatan 'yan makaranta ne da ke komawa gida hutu, iyayensu na tsaye a filin jirgin suna jiran su. Sai kuma ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja. A cikinsa akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi, da mataimakin gwamnan jihar Sakkwato. Mutum 96 aka rasa.

Washegari, 30 ga Oktoba, Arik ya fara jigilar fasinja tsakanin Legas da Abuja da jirage ƙirar CRJ900 waɗanda aka ɗauko daga masana'anta kai tsaye. A lokacin, an shafe shekaru masu yawa ba a ga kamfanin Nijeriya ya sayo sabon jirgi ba. Abin da aka saba shi ne tsofaffin jiragen da Turai da Amurka suka gama morewa, a sake musu fenti a kawo mana. Mutum yakan bar wasiyya kafin ya je filin jirgi, kuma uwa takan hana ɗanta hawa jirgi ta ce ya bi mota ko da kwana zai yi a hanya. A cikin wannan yanayi ne Arik ya zo, kuma abin da ya sayar wa mutane tun farko kwanciyar hankali ne.

Na shiga ɗaya daga cikin jiragen nan a farkon shekarunsu, daga Abuja. Wani dattijo ne a kujerar gefena, da carbi a hannu tun kafin a rufe ƙofa. Ya shafa fatar kujerar da ke gabansa, ya buɗe ɗan teburin ya rufe, ya ɗaga kai ya dubi fitilun sama, sannan ya juyo ya ce mini, "Ɗana, da gaske wannan sabo ne?" Na ce, "Sabo ne, Baba, haka suka ce, kuma ga alama nan." Ya ce, "To, Allah ya kai mu lafiya." Bai daina jan carbinsa ba, amma kafin a zo da ɗan kwalin kek da lemo barci ya ɗauke shi, har sai da tayoyi suka taɓa ƙasa ya farka. Wanda bai rayu a waɗancan shekarun ba zai ga wannan ba wani abu ba ne. Dattijon da ya iya runtsawa a jirgin Nijeriya a wancan zamani, wani ne ya kashe kuɗi ya saya masa barcin, da sabon inji da kwangilar gyara da aka ba kamfanin Lufthansa Technik na Jamus.

Daga nan kamfanin ya bunƙasa da sauri, watakila fiye da yadda aljihunsa zai ɗauka. Ya fara zuwa Landan a Disambar 2008, ya ƙara da Johannesburg da New York a 2009, jiragensa suka kusa kai 30. Amma ba Landan ce ta fi taɓa ɗan Arewa ba. Abin da ya taɓa shi shi ne Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Yola da Maiduguri da Gombe duk sun shiga jadawali, kuma jadawalin yana da ma'ana. Kamfanin yana raɗa wa jiragensa sunaye, har akwai wanda aka rubuta wa sarautar Sarkin Musulmi a kusa da hancinsa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yakan tafi Legas da safe ya duba kayansa a tashar jiragen ruwa ya kwana a gidansa. Malamin jami'a yakan karɓi gayyatar taro a wani gari ba tare da ya ware kwana uku ba.

Labarin Aero daban ne, kuma masu kewarsa ma daban ne. Ya girmi 'yancin kan Nijeriya, domin a 1959 aka kafa shi, da hannun wani kamfanin ƙasar Holan, kafin daga baya ya koma hannun iyalan Ibru. Shekaru da dama aikinsa shi ne kai ma'aikatan kamfanonin mai wuraren aikinsu da ƙananan jirage da masu saukar ungulu, aikin da ba ya yafe sakaci, kuma a nan ya yi suna wajen kiyaye lafiyar fasinja. Da ya shiga jigilar jama'a sosai, sai ya zo da wani abu da ba a saba ba: in ka sayi tikiti ta intanet da wuri, za ka same shi da araha ƙwarai. Ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima da ƙananan ma'aikata sukan je shagon intanet, su zauna gaban kwamfuta suna lalubar ranar da kuɗin ya fi sauƙi, su biya, a buga musu takarda su naɗe ta a aljihu har ranar tafiya. Mutane da yawa da nake ji suna ba da labarin hawansu jirgi na farko, Aero suke ambata. Kafin nan jirgi na manya ne da mahajjata. Aero ya sa wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba ya san yadda garinsu yake in an kalle shi daga sama.

Za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mai kewa yakan zaɓi abin da zai tuna. Gaskiya ne. Masu yabon Arik sukan tsallake ƙarshen 2016, lokacin da fasinjojin Landan suka iso Legas kayansu ba su iso ba har tsawon kwanaki, ma'aikata suna bin albashin watanni, masu man jirgi suna bin kuɗinsu, ana soke tashi ba tare da wani bayani ba. Masu yabon Aero sukan manta ya dakatar da jigila a Satumbar 2016, ya sake dakatarwa a Yulin 2022. Ba na neman a share wannan daga tarihi. Sai dai in ka saurari labaran da kyau, za ka ga ba a warwatse suke ba. Da wuya ka ji wani ya ce yana kewar launin wutsiyar jirgi ko ɗinkin kayan ma'aikata. Abu kaɗan ne suke ta maimaitawa: jirgin lafiyayye ne, ya tashi a lokacin da aka ce, kuɗinsa ya yi daidai da aljihu, kuma yana zuwa garinmu. Mutanen da ba su san juna ba, daga garuruwa daban-daban, in suka haɗu a kan magana ɗaya, wannan shaida ce, kuma shaidar tana nuna abin da ya ɓace.

Abin da ya maye gurbinsa kuwa kowa ya sani. Kwanakin baya na wuni a wani filin jirgi ina jiran jirgin wani kamfani da aka ce na hantsi ne. A kusa da ni akwai wata mata da mahaifiyarta a keken marasa lafiya, suna da ganin likita a Abuja washegari da sassafe. Duk bayan ɗan lokaci sai ta tashi ta je wajen ma'aikacin, shi kuma amsarsa ɗaya ce, "Hajiya, ku ƙara haƙuri, jirgin yana hanya." Aka yi Azahar, aka yi La'asar, tsohuwar ta gaji da zama har aka shimfiɗa mata zane a ƙasa. Ba hazo ake yi ba, sama tas take. Ma'aikacin ma ba shi da laifi, bai san komai ba. Abin da ke faruwa shi ne kamfani mai jirage biyu ko uku yakan ɗora wa jirgi ɗaya zangon da ya kamata uku su yi. Ya tashi Legas zuwa Abuja, ya wuce wani gari a Arewa, ya dawo Abuja, ya sake nufar wani garin. In aka samu matsala a zangon farko, duk na baya sun shiga uku, kuma garuruwanmu su ne a ƙarshen layi. In dare ya yi, filin da ba shi da fitilun sauka ya rufe, shi ke nan sai gobe.

A Arewa wannan ya wuce maganar jin daɗi. Tun da hanyoyi suka lalace da masu garkuwa da mutane, jirgi ya zama lalura ga duk mai hali, har da wanda zai ci bashi ya saya. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ko Damaturu zuwa Maiduguri, ko abin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama a wasu shekaru, da harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022, ya san dalilin da ya sa soke tashin jirgi ɗaya kan hana iyali barci. Shi ya sa nake jin zafi in na ga ana tattauna haɗe kamfanoni biyu da suka taɓa riƙe waɗannan hanyoyi, amma ba wanda ya ambaci hanyoyin.

A duba shirin kansa. Haɗewa takan yi amfani in ɗaya yana da abin da ɗayan ya rasa, ko in akwai mai zuba sabon kuɗi. A nan duka biyun bashi ya yi musu katutu, kuma jiragensu masu tashi, in an haɗa, ba su kai rabin abin da Arik shi kaɗai yake da shi a da ba. Jiragen ma ba duka ne iri ɗaya ba. Matuƙin da ya ƙware a wani samfuri ba ya hawa wani sai an sake horar da shi an ba shi shaida, kayan gyaran wannan ba sa shiga wancan. Matsalolin da suka durƙusar da su kuma ba su san sunan kamfani ba. Fasinja da naira yake biya, amma kayan gyara da inshora da hayar jirgi duk da dala ake biyan su. Man jirgi ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 700 a kan kowace lita a 2022. Bankunanmu ba sa ba da bashi mai dogon zango da ruwa kaɗan, irin wanda sana'ar jirgi take buƙata. Haɗe kamfanonin ba zai sauko da dala ba.

Akwai kuma wani ƙulli na shari'a da ake yawan tsallakewa. A Aero, AMCON mai hannun jari ce, ita ke da kashi 60 cikin ɗari. A Arik kuwa riƙo take yi don ta fanshe bashi, kuma masu kamfanin na asali, ƙarƙashin wanda ya kafa shi, sun daɗe suna ja da ita a kotu. Ga sauran masu bin bashi a gefe. A ƙarshen Yulin 2024 an tsayar da jiragen Arik na wasu kwanaki saboda hukuncin kotu a kan bashin dala miliyan 2.5, fasinjoji suka yi cirko-cirko a filayen jirgi. Duk wanda ya haɗa Aero da wannan, ya ɗauki rigimar da ba tasa ba ya jibga masa. Ko yunƙurin da AMCON ta yi a 2021 na fitar da sabon kamfani mai suna NG Eagle daga kadarorin Arik, ƙungiyoyin ma'aikata da majalisa sun taka masa birki, saboda tambayar wa zai biya basussukan da za a bari a baya.

Abin da ya fi damuna shi ne laƙabin da ake liƙa wa shirin, wato kamfanin jiragen sama na ƙasa. An san wannan laƙabi yana sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Iyayenmu suna tuna Nigeria Airways, jirage masu fari da kore da tambarin giwa mai fukafukai, suna tuna tashin alhazai daga Kano a kwashi dangi a motoci a je rakiya. Suna kuma tuna yadda ake sayar da tikiti fiye da kujeru, a buɗe ƙofa fasinjoji su kwasa da gudu zuwa bakin jirgi, mai babbar riga ya tattare ta a kafaɗa. Kamfanin ya mutu a 2003, kuma harabarsa ta Legas ce Arik ya karɓa a 2006. An gwada Virgin Nigeria a 2005, ya canza suna sau biyu ya rufe a 2012. An ƙaddamar da tambarin Nigeria Air a bajekolin jirage na Farnborough da ke Ingila a Yulin 2018. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgin kamfanin Habasha da fentin Nigeria Air aka nuna a Abuja, sannan ya koma inda ya fito. Sabon minista Festus Keyamo ya dakatar da shirin, kotu kuma ta soke yarjejeniyar a Agustan 2024. Duk wanda ya ga wannan jerin, ya kamata ya yi taka-tsantsan in an zo masa da tsofaffin basussuka biyu a naɗe cikin tutar ƙasa. Kewar mutane gaskiya ce, amma amfani da ita don a shigar da asarar 'yan kasuwa cikin baitulmali zalunci ne.

Ba cewa nake yi haɗewa ba ta taɓa yin kyau ba. A Indiya, ranar 12 ga Nuwamban 2024, kamfanin Vistara ya narke cikin Air India bayan kusan shekara goma yana aiki. Fasinjojinsa sun yi ta alhini, saboda sun saba da tsabtarsa da kyakkyawar tarbarsa, suna tsoron duk za su salwanta. Masu kamfanin ba su yi watsi da wannan ba. Sun bar jiragen Vistara da ma'aikatansu a kan aikinsu, suka ba tafiye-tafiyensu lamba ta daban don fasinja ya gane wanda yake saya. Amma can akwai rukunin kamfanonin Tata da Singapore Airlines a tsaye da kuɗi a hannu, ga ɗaruruwan sababbin jirage da aka yi oda. A Amurka kuma, da Alaska Airlines zai haɗiye Hawaiian a 2024, ma'aikatar sufurin ƙasar ba ta sa hannu ba sai da ta gindaya sharuɗɗa na shekara shida, ciki har da cewa ba za a yanke muhimman hanyoyin da ke haɗa tsibiran Hawaii ba, domin mutanen can ba su da wata hanyar zuwa asibiti ko ganin dangi in ba jirgi ba. Wannan sharaɗin shi ne ya fi kama da halin da muke ciki.

Mutanen Kano sun san yadda hanya take ɓacewa a hankali. A garin ne jiragen sama suka sauka tun 1925, kuma an yi zamanin da filin jirginsa yake zango tsakanin Turai da kudancin Afirka. British Caledonian yana sauka Kano kafin British Airways ya haɗiye shi a 1988. KLM ya haɗe da Air France a 2004, ya riƙe sunansa da shuɗin fentinsa, amma a 2012 ya bar Kano bayan gomman shekaru yana zuwa. Ba zan ce haɗewa ce kaɗai ta jawo ba, akwai tsaro, akwai raguwar masana'antu, akwai bunƙasar Abuja. Sai dai duk kamfanin da ya haɗe yakan zauna ya duba taswira ya soke inda riba ta yi ƙaranci, kuma barin suna a jikin jirgi bai hana KLM tafiya ba. Saboda haka in an ce mana za a riƙe sunan Arik ko na Aero don a faranta wa masu kewa, wannan ba alkawarin komai ba ne.

Da za a ji tawa, da an bar kowanne ya tsaya da ƙafarsa a neman masa mai saye. Aero yana da abin da ba kowa ke da shi ba a ƙasar nan, wato garejin gyaran jirage a Legas, inda a farkon 2018 injiniyoyinsa suka kammala babban duba na jirgin Boeing 737 a cikin gida, aikin da a da sai an kai jirgi waje a biya da dala, a yi wata da watanni ana jira. Wannan gareji zai iya yi wa Max Air da Air Peace da Rano da sauran kamfanoni aiki, har da na maƙwabta, kuma duk jirgin da aka gyara a gida jirgi ne da zai koma layi da wuri. A nemo mai jari ya faɗaɗa shi, kada a binne shi a ƙarƙashin shari'ar da ba ta shafe shi ba. Arik kuma a fara warware rigimar mallakarsa a fili, a san nawa ake bi, wa ya ci, me ya rage, sannan a sayar wa wanda ya san sana'ar. Mun ga Kabo da Chanchangi da IRS da Albarka sun zo sun wuce, kuma ba ƙarancin sunaye ne ya kashe su ba.

In kuwa an dage sai an haɗe, to akwai hukumar kare haƙƙin masu saye da gasa, FCCPC, wadda doka ta ba ikon duba irin wannan haɗewa, akwai kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, mai ba da lasisi. Gwamnonin Arewa da 'yan majalisarmu su daina jira sai an gama su fito suna kukan an mayar da mu saniyar ware. Su shiga tun yanzu su nemi a rubuta a takarda: waɗanne garuruwa sabon kamfanin zai ci gaba da zuwa, sau nawa a mako, na tsawon shekara nawa, kuma mene ne hukuncinsa in ya saɓa. A faɗi wanda zai zuba kuɗi da adadin da zai zuba kafin a zana tambari. A tabbatar duk mai riƙe da tikitin ɗayan kamfanonin zai yi tafiyarsa ko a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ya yi ta sintiri a ofis ba.

Sai ma'aikata, waɗanda ake mantawa da su a duk lokacin da manya suka zauna rabon kadara. Tarbar da fasinja yake tunawa, da saukar da aka yi da shi lafiya cikin hazo, mutane ne suka yi su, matuƙa da injiniyoyi da masu awon kaya da masu share jirgi tsakanin sauka da tashi. Tsofaffin ma'aikatan Nigeria Airways sun yi shekara 15 suna jira kafin gwamnati ta saki wajen naira biliyan 22 a 2018, wanda shi ma wani ɓangare ne na haƙƙinsu, kuma da yawa sun rasu kafin wannan kuɗi ya fito. Ma'aikatan Arik da na Aero sun ga wannan da idonsu, wasunsu ma daga can suka fito. Duk takardar haɗewar da za a kawo, a fara nuna mana shafin da ya lissafa albashinsu da fanshonsu da giratutinsu, da ranar da za a biya, kuma ranar ta zo kafin ranar sa hannu.